Shuɗiyar Balbelar Gangara

Tsuntsaye saba'in da tara Mushe Hayatu ya zana, sai na tamanin ya tsaya masa a wuya.

Malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Gidan Rumji ta ƙasar Nijar, inda ake kiran malamin boko Mushe; ɗan siriri ne mai saurin baki. A shekarar farko ta 'yancin kai, ba abin da ke ci masa rai irin littafin da yara ke karantawa, wanda tsuntsayen Faransa ne zalla a cikinsa. Yaron da shamuwa ke sheƙa a bishiyar gidansu, wai shi za a zaunar ana nuna masa tsuntsun ƙanƙara! Sai Mushe ya sha alwashin rubuta littafin tsuntsayen ƙasarsu, kuma ya rantse a gaban mutane ba zai zana abin da idonsa bai gani ba.

Sufeton lakol na Maraɗi ya yarda a buga littafin a Yamai, amma da sharaɗi. Ya jawo wani tsohon kundi da wani kumandan Bature ya bari a buro, wato ofis, ya buɗe shafi ɗaya. Balbela ce a ciki, shuɗiya tas, an gan ta a Gangara shekara ashirin da suka wuce, ba a kuma taɓa ganin irinta ko'ina a duniya ba. Sufeto ya ce ita ce abin alfaharin yankin. In babu ita kafin bikin 'yancin kai na watan Agusta, to yara su ci gaba da na Faransa.

A ƙasan shafin Bature ya rubuta sunan ɗan jagoransa: Gado. Mushe ya ɗaure kaya a bayan keke, ya nausa Gangara.

Ya iske Gado da rai, ya tsufa, yana zaune a ƙofar gida. Ta saman dangar kara ana hango zaren matarsa Batulu, wadda ke kaɗi da rini, an shanya shi a igiya. Mutanen gari suka ce ai Gado ya sha wuyar Baturen nan. Wata biyu cur ya riƙe shi a daji da damina, ciyawa na cinye masa gona, wai ba zai sake shi ba sai sun samo tsuntsun da babu shi a kowane littafi. Ranar da aka ga shuɗiyar aka sallame shi.

Kai, tsohon ya san tsuntsu! Da kuka kawai yake raba hasbiya da kurciya. Ya duba zanen Mushe ya ce ƙafar gaurakan ta yi gajarta, burtun kuma an yi masa ido kamar na akuya. Ya kai shi inda tuje ke ɓoye ƙwai, ya sa shi kwanciya rubda ciki har cinnaku suka yi masa kaca-kaca. Cikin kwana shida ya gyara masa kuskure goma sha ɗaya, Mushe na ta godiya.

Amma da an ambaci shuɗiyar, sai Gado ya hau tari, ko ya tuna bai yi alwala ba.

Ran kwana na bakwai haƙurin Mushe ya ƙare. Ya zauna a ƙasa gaban tsohon, ya baje zanensa duka. "Baba Gado, yara arba'in na bari suna jira. Na ce musu bana za su ga tsuntsayen garinsu a takarda. In na koma babu ita, da wane ido zan dube su?"

Gado ya daɗe yana kallon zanen shamuwa. Tausayi ya kama shi sosai. "Mushe, jibi da hantsi ka zo bakin tabki, inda Fulani ke shayar da shanu. Ka zo kai kaɗai, kuma kada ka matsa kusa."

Jibi ta yi. Gado ya riga shi zuwa, hannuwansa cikin riga, wai sanyin damina ya shige shi, ko musabaha bai ba shi ba. Ya yi nuni da haɓa.

Ga ta nan! Can gefe guda, nesa da fararen 'yan'uwanta, shuɗiya har ƙafa. Mushe ya ce Allahu Akbar a hankali, ƙwalla ta cika masa ido, fensir na gudu a hannunsa. Ya rubuta halayenta dalla-dalla: ba ta shiga cikin sauran balbelu, tana yawan gyaran gashi da baki, kuma da alama tsuntsuwa ce mai fushi. Da ta tashi ta nufi gabas, har hularsa ya cire.

Ya rungume tsohon, ya ce sunansa zai hau shafin farko da manyan baƙaƙe: Gado na Gangara, masanin tsuntsaye. Gado ya ce a'a, a bar sunan. Mushe ya ce sam, tawali'u ba zai hana a ba mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Ya haye keke yana waƙa, ya miƙi hanyar Maraɗi.

Gado ya tsaya har ƙurar keken ta kwanta, sannan ya shiga gida yana sanɗa. Ya iske Batulu tsaye riƙe da ƙugu, a ɗaya hannun tana jujjuya wani jiƙaƙƙen gashin tsuntsu.

"Malam," ta ce, "wancan karon ka ce don Kumandan ya sake ka ka je gona ka tsoma mini balbela a tukunyar shuni. To yau kuma wa ya tsare ka?"