Dodon Kan Riga

Mai zanen bango ya cakumi wuyan mai sayar da riguna a tsakiyar titi. Mai zanen akwai zuciya, ba a taɓa masa aiki.

"Ɓarawo! Zanen katangar gidana ka buga a rigunanka!"

"Haba malam, sake ni! Wannan dodon? Iyaye ke rububinsa, da shi suke tsorata yara su ci abinci."

Ashe matar mai zanen tana cikin 'yan kallo, ta ji komai. Ta ɗaga riga ɗaya, ta ƙura mata ido.

"Maigida, ba wannan ne ka ce hotona ba?"

Bawan Allah ya saki wuyan a hankali, har da gyara masa kwala.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa, zanenka ne. Ni ban taɓa ganinsa ba."