Faɗuwa ta Arba'in

Ƙarfe ɗaya saura minti huɗu mutumin ya faɗi. Mutinta ta danna agogo tana tsaki, don ba haka aka yi da shi ba. Ƙarfe ɗaya daidai aka ce, kuma a gindin falwayar bakin tasha, ba can kusa da kwata ba. Amma wa ya isa ya gaya wa dattijo Ba Kangwa, ɗan wasan da aka ɗauko don ya riƙa faɗuwar? Shekara talatin yana wasan kwaikwayo a Lusaka, kansa ya kumbura, ba ya jin gyara.

Tana zaune a tsallaken titi, kan bencin Ba Ngulube mai gyaran takalma, da takarda a cinyarta. Aikinta ƙirge ne kawai: nawa suka wuce, nawa suka waiga, wa ya tsaya.

Binciken digirinta ke nan a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Tambayar ɗaya ce: sutura ce ke sa a taimaki wanda ya faɗi a hanya? Kowa a garin zai ce maka e mana. Amma Dakta Sikazwe, malamin da ke duba aikin, ba ya karɓar “kowa ya sani”, sai an gwada. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tufafi kaɗai ake canzawa. Kowace safiya Dakta kan jefa kwabo a ofishinsa, kwabon ne ke zaɓa wa Ba Kangwa kwat ko tsumma. Ita ba a gaya mata, don kada zuciyarta ta riga idonta yanke hukunci.

Yau tsumma ne ashe. Tsohon ya ma ƙaro wata yagaggiyar malafa da ta rufe masa fuska, da ledar tumatir da ta watse a ƙasa. Son a yaba dai!

Doka mafi wuya ita ce ta minti goma: ba ta da izinin barin bencin sai an yi minti goma da faɗuwar. Sau biyu Mutinta tana karya ta, ta ruga da gudu kafin lokaci ya cika, alhali ta san wasa ne. A karo na biyun Dakta ya cire tabarau ya dube ta.

“Mutinta, da kin ɗaga daga bencin nan mutane za su biyo ki, kin zama ke ce dalilin, ba rigar ba. Kika ƙara na uku, ki nemi wani malamin.”

Faɗuwa arba'in ake buƙata, yau ce ta arba'in. Shekara uku na wahala, da uwar da ta gama shaida wa dukan garinsu Monze cewa 'yarta ta kusa gamawa, duk suna rataye da minti goman nan.

Minti biyu. Mutum goma sha ɗaya sun wuce. Wata mata ta ja hannun ɗiyarta suka kauce, wani mai waya a kunne ya tsallake ƙafar kamar itace.

“Yau dai tsohon naki ya ci a ba shi kyauta,” in ji Ba Ngulube, zare a bakinsa. “Dubi ƙafar nan yadda take rawa. Kai, Kangwa ba dai iya shege ba!”

“Ba Ngulube, don Allah ku yi shiru. Ƙirge nake.”

Gaskiya ba ta taɓa sabawa ba. Duk ranar tsumma sai ta koma gida da ciwon kai, ta kasa cin nshima, tuwon masararsu. Ranar kwat ba a cika minti ɗaya ake rufuwa a kansa, wannan da ruwa, wancan da fifita. Ta riga ta san amsar, amsar ce ma ke ci mata rai, ga shi ba ta da ikon komai sai jan layi a takarda.

A minti na biyar wani mutum mai kayan kanikawa ya tsaya. Ya ajiye jakarsa, ya sunkuya. Mutinta ta shiga roƙo a ranta. Taɓa shi, bawan Allah, taɓa shi kawai, a tashi wasan kowa ya huta.

Sai muryar Amake Towela, mai suyar fanken da suke kira vitumbuwa a bakin tashar, ta keto hayaniyar motoci.

“Kai ɗan'uwa, wuce abinka! Na 'yan jami'a ne. Kullum sai ya mutu a nan, ya tashi ya ci vitumbuwa uku!”

Bakaniken ya yi dariyar kunya, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Mutinta ta ji kamar ta kurma ihu. Sau nawa ta roƙi matar nan ta kama bakinta? Amma tsallaka titin ma karya doka ne. Ta rubuta abin da ya faru a gefen takarda, tana fatan Dakta ba zai soke ranar ba.

Minti bakwai, ƙafar ta daina motsi. Ƙudaje suka taso daga kwata suka sauka a hannunsa, ko yatsa bai ɗaga ba. Ba Ngulube ya ajiye takalmin da yake ɗinki.

“Anya, 'yata? Ko in leƙa shi?”

“Saura minti uku. Ku rufa mini asiri, ku zauna.”

Ya zauna. Mutum sittin da uku. Sittin da huɗu. Ta ƙura wa agogo ido tana haɗiye kuka, don ta kasa ci gaba da kallon tsallaken. Saura daƙiƙa ashirin ta zama mai digiri.

Aka dafa kafaɗarta. Ta waiga, ta ga Ba Kangwa tsaye cikin baƙar kwat da jan laktaye, yana haki yana share gumi.

“Yi haƙuri 'yata, motarmu ce ta mutu a hanya. In je in faɗi yanzu, ko an makara?”