Mutumin da Ya Gifta da Bokiti

Daƙiƙa huɗu ne kacal, amma Morolake Oyediran ta kalle su fiye da sau dubu.

A tsohon fim ɗin nan, Ɗaki na Tara, wanda aka ɗauka a wani gidan haya a unguwar Mushin ta Legas shekara talatin da suka wuce, ana cikin kukan mutuwar mai gidan sai ga wani mutum ya gifta ta bayan masu kuka. Ba riga, fuskarsa fara fat, bokiti a hannun hagu. Ya tsaya, ya juyo wajen kyamara ido a rufe, bakinsa na motsi, sannan ya wuce. Ba a sake ganinsa ba, sunansa kuma bai fito a jerin 'yan wasa ba.

Mutanen Legas kuwa ba ka ba su irin wannan su bar shi ya huta. Wasu suka ce shi ya kashe mai gidan. Wasu suka ce ajali ne da kansa ya zo ɗaukar rai, shi ya sa bokitin ba komai a ciki, kuma kowa ya san ba a miƙa alheri da hagu. Wani malamin jami'a ya rubuta shafi arba'in a kan farin fuskar, ya ce alli ne irin na masu bautar ruwa. Daraktan fim ɗin, Cif Ladejobi, duk wanda ya tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce, "Mai ido ya gani." Da murmushinsa aka binne shi.

A kan waɗannan daƙiƙu huɗu Morolake ta gina shirinta na talabijin, Farar Fuska, kashi ashirin da shida, duk labarin wannan mutum. Kowane kashi sai ta ɓoye wata alama daga tsohon fim ɗin: lamba tara a jikin ƙofa, bokiti a lungu, agogon bango da ya tsaya daidai inda na fim ɗin ya tsaya. Masu kallo suna farautar alamomin, suna rigima a kansu a cikin danfo, motar haya ta Legas, har kwandasta ya sa baki. Daɗin yabo ya ɗebe ta, ta faɗa wa 'yan jarida cewa a kashi na ƙarshe mutumin na ainihi zai fito.

Shugabar tashar, Madam Nkiruka Ezeani, ba ta manta ba.

"Rolake, ke kika buɗe baki, ba ni ba. Ki kawo min shi ranar Litinin. In ba haka ba a rufe shirin, ke da ma'aikatanki arba'in ku je kasuwar Oshodi ku sayar da bokitai, tunda kun ƙware a kansu."

Ta nema, Allah ya sani. Gidan Mushin an rushe shi, an yi shagunan waya a wurin. Mai ɗaukar hoton ya rasu. Tsohuwar da ta fito a matar mamacin ta ce ita albasa aka goga mata a ido ran nan, ko giwa ce ta gifta ba za ta gani ba. Maza goma sha ɗaya suka zo ofis kowa yana rantsuwa shi ne, har da wani ɗan shekara ashirin da takwas.

Ranar Lahadi da rana ta tafi Ebute Metta wajen mahaifinta, don ba ta da sauran inda za ta je. Pa Oyediran tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma bai taɓa kallon ko kashi ɗaya na shirinta ba. Ko fim aka kunna a falo sai ya ɗauki rediyonsa ya fita, ya ce 'yan fim ba su da tarbiyya. Wannan ya daɗe yana yi mata ciwo. Ta same shi yana cika bokitansa biyu kafin wanka, al'adar da ya ƙi bari duk da tanki da shawar da ta sa masa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Aka kawo amala da ewedu, ta kasa kai loma uku.

"Wa ya hana 'yata cin amala?"

"Baami, ba za ka gane ba. Harkar fasaha ce."

"To. Mu da muka ƙare a jirgin ƙasa. Nuna min fasahar."

Ta buɗe wayarta ta miƙa masa, ya karɓa da hagu, hannun da bulalar malaman firamare ta kasa raba shi da shi. Hoton ya dushe, irin na tsohon kaset. Ya kalla, ya ce ta maimaita. Ya sake kallo, ya cire tabarau ya goge.

Ganin ya nutsu, sai ta shiga yi masa bayani. Ta nuna masa allin, ta nuna bokitin da ba komai, ta gaya masa abin da malamin jami'a ya rubuta. Ta ce gobe in ba ta kai wannan mutum ba, aikin shekara uku ya tafi, da abincin gida arba'in.

"Dubi bakinsa, Baami. Shekara talatin ana gardama a kan abin da yake faɗa. Ni a kashi na sha biyu na ce kiran matattu yake."

Pa Oyediran ya ajiye wayar a hankali kusa da kwanon amala.

"Uwar Ladejobi nake zagi," in ji shi. "Ina tsakiyar wanka suka kashe injin ruwa, wai ƙararsa na shiga musu fim, sabulu duk ya cika min ido, kuma har yau ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri."