Furen da Na Binne a Ruwais

Ina ƙarama, Inna tana aikatau a wani gida a unguwar Ruwais, can ƙasar waje, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Uwar gidan ta yi tafiya, ta bar mata amanar wani fure daga ƙasar Jawa, ɗaure jikin guntun itace, saiwoyinsa tsirara. Tausayi ya sa na binne su cikin ƙasa a gwangwani, ina ta ba su ruwa.

Da Inna ta tono su wata la'asar, sun yi baƙi, suna wari. Ta zauna tana hura musu iska da bakinta.

Ta ce, "'Yar nan, wannan bisa itace da dutse yake rayuwa, ƙasa kashe shi take."

Wallahi da dukana ta yi, da ya fi mini sauƙi har yau. Sai ta ce, "Halas, shi ke nan. Ɗaure mana kayanmu mu bar gidan nan, gobe uwar gida za ta dawo."