Haihuwar Habi Tala

Tun da aka raɗa wa Majo Maikuɗi cewa buron inshorar lafiya na Maradi, ofishin da ke biyan kuɗin magani, zai turo mai bincike, ya sa aka wanke kilinik ɗinsa na Gazawa har da sabulu, abin da marasa lafiya ba su taɓa samun darajarsa ba.

Bai ji tsoro ba. Ya san masu bincike: su sha lemu mai sanyi, su juya takardu, su koma da rago a bayan mota. Shekaru ke nan yana sayen katunan inshora a hannun wani dillali da ke bin ƙauyuka da moto mai ƙafa biyu, yana rubuta wa masu katin cututtukan da ba su yi ba, buro na biya. A ganinsa baƙauye ba ya karatu, ma'aikaci kuma ba ya taka ƙauye.

Da motar ta tsaya, sai ga mace ta fito, siririya, mayafinta duk ya koɗe. Ta ce sunanta Hafsatu Sale. Majo ya ji Gobiranci a gaisuwarta, ya yi dariya a ciki. Ashe 'yar ƙauye aka turo masa.

Ba ta taɓa lemun ba. Ya tura mata manyan littattafansa, ta ture su gefe. Ta ce mutum ɗaya take son gani: Habi Tala ta Sae Sabuwa, wadda ya rubuta wa buro cewa ya yi wa aiki ya ciro ɗa da damina. Gobe za ta dawo.

Wannan ai wasa ne wurin Majo. Ya samo wata mai tuyar ƙosai da ke da tsohon tabon aiki a mara, aka aro mata jinjirin maƙwabta, ya yini yana koya mata sabon sunanta.

Washegari mai ƙosai ta yi abin a yaba. Ta ba da labarin naƙuda da amalanken jaki da ya kawo ta, har da ƙwalla. Majo ya ɗora nasa: yadda jini ya ɓalle, yadda ya tsaya kanta da kansa bai ko zauna ba. Hafsatu ta tambayi matar ko gidansu ne na bayan masallacin Juma'a. Ta ce shi ne. Hafsatu ta tambayi Majo ko zai maimaita maganarsa gaban jandarma, jami'in tsaron da ta zo da shi, wanda ke jira a mota.

"Ko gaban alƙali, Madam. Da wannan hannun na ceto ta."

Jandarman ya shigo ya rubuta, Majo ya sa hannu yana murmushi, yana tunanin wane rago zai ishe su.

Hafsatu ta karɓi jinjirin, ta daɗe tana kallonsa. Idanunta suka yi ja. Majo ya ɗauka tausayin mata ne, ya ƙara raina ta.

Ta miƙa yaron, ta gyara mayafi.

"Allah ya raya. Da ma ƙanena na zo gani, Majo. Habi Tala ita ta haife ni, kuma da ni aka yi mata wankan gawa tun kafin ka buɗe wannan wuri."