Curin Jar Ƙasa a Bakin Murhu

Akwai wani mai kiwon tattabarun tsere da zama wuri ɗaya yake yi wa wuya. Da gari ya waye yana kan soro, hannu a goshi, yana bin tsuntsayensa da ido har su zama ɗigo a sama. Kafin su sauko ya hau babur ya tafi ganin na wane, daga can ya zarce kasuwar tsuntsaye ya ji wanda ya ci tseren da ya wuce. Ba wai bai san aikin da ke jiransa a gida ba. Duk mai kiwo ya san hatsi kaɗai ba ya riƙe tattabarar da za ta yi ƙwai. Sai an samo jar ƙasa, da ɓawon ƙwai gasasshe, da ƙonannen ƙashi, da gawayi, da ɗan gishiri, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa, a cura kamar fura, a shanya a rana har curin ya bushe ƙayau ciki da waje. Shi ne macen za ta yi ta tsattsaga tun kafin a haɗa ta da namiji, don ɓawon ƙwanta ya yi ƙwari, 'ya'yan kuma su tashi da ƙarfin ƙashi. Duk tsawon rani matarsa tana karɓo masa ɓawon ƙwai daga wurin mai shayin bakin layi, in kwano ya cika ta juye a buhu. Rana kuwa tana ta dukan tsakar gida a banza. In ta ce, "Maigida, buhun nan fa ya fara tare mini hanya," sai ya ce, "Bari in dawo," yana laluben makullin babur a aljihu.

Damina ta faɗi ke nan sai wani dattijo a bayan gari ya aiko a kira shi. Dattijon yana da wani baƙin namijin tattabara da ba a taɓa riga shi isowa gida ba, mutumin kuwa ya yi shekaru yana roƙon aronsa ana ce masa sai an gani. Yanzu dattijon zai koma wurin ɗansa a wani gari mai nisa, da tsuntsun zai tafi, amma ya yarda ya bar masa shi na kwanci ɗaya kafin mota ta zo. Yana miƙa masa kejin ya ce, "Macen taka dai tana samun haɗin ƙasa ko?" Mutumin ya ce, "Tana samu, Baba," idonsa na kan baƙin fukafukin.

A ranar ya fito da turmi. Ya yi daka yana gumi, ya tankaɗe rabi, rabin ya ce ya yi laushi haka nan. Ya cura ya jera a faifai, ya fita da su, hadari ya taso, ya shigo da su. Aka ɗauke ruwa ya sake fitarwa, aka soma yayyafi ya sake kwasowa. Kullum yana danna su da babban yatsa, kullum yatsan yana lumewa. A cikin akurki kuwa baƙin namijin ya riga ya fara zagaya macen yana guɗa yana jan wutsiya a ƙasa, ba ruwansa da bushewar ƙasa. Mutumin ya kasa zaune ya kasa tsaye. Daga ƙarshe ya kwashe curin ya jera su a bakin murhu. Matarsa tana tuƙa tuwo ta dube su ta ce, "Ko ƙosai ne, in wuta ta yi masa yawa baya ke soyuwa, ciki ɗanye." Ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ya ji ya yi ƙara, ya ce, "Kin ji? Ya bushe." Ya kai akurki ya ajiye. Macen ta far masa da tsattsaga kamar mai jin yunwa, shi kuma ya ɗauki hakan alamar nasara, har ya tafi kasuwa yana ba da labarin 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe.

Ba a jima ba macen ta fara takurewa a lungu, gashi a tashe, tana zawo. Ƙwan farko da ta saka ba shi da ɓawon kirki, laushi kamar an ƙulla ruwa a leda, ya fashe a ƙarƙashinta. Na biyu ya zo da ɓawo siriri. Mutumin ya riƙa leƙawa yana komawa, yana ƙara ciyawa a sheƙar, yana hana kowa wucewa ta wurin. Da hantsi baƙin namijin ya hau ya karɓi kwanci kamar yadda mazan tattabaru suke yi, nauyinsa kawai ya tsaga ƙwan. Sai a lokacin mutumin ya ɗauko curi ɗaya ya fasa a kan dutse. Bayansa ƙam kamar bulo, cikinsa damshi, funfuna ta yi kore tana wari.

Ranar da motar dattijon ta tsaya a ƙofar gida, sama ta washe, rana ta fito tarwai. Dattijon ya leƙa akurki, ya ga sheƙa ba ƙwai, ya ga gutsattsarin curin a ƙasa. Ya sa tsuntsunsa a keji, ya ce, "Allah ya ba macen lafiya," ya shiga mota. Mutumin ya dawo tsakar gida ya zauna a kan turmi, makullin babur a hannunsa, yana kallon ranar da ta fito bayan ba shi da abin shanyawa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.