Warin Khal a Rumfa ta Tara

Sau huɗu ke nan Ilarie yana kiran wayar 'yarsa Otilia tun da ya shigo baje kolin motoci na Bologna a Italiya, sau huɗu tana ringi har ta tsinke.

Kwana ɗaya da wuni ya yi a mota daga garinsu Barlad, sanye da kwat ɗin da ya sa ranar da ya binne matarsa. Bai gaya wa Otilia zai zo ba, don ya san abin da za ta ce. Shekara bakwai kullum maganar ɗaya ce: Baba kar ka wahalar da kanka, ni zan zo. Sau biyu ta zo, duka a tsakiyar sanyi, da safar hannu ta fata da ba ta cirewa ko a kan tebur. Shi kuwa ya ɗauka gayun Italiya ne.

Abin da ya kawo shi ba ɓoyayye ba ne. Shekara talatin yana wankin mota da hannu a bakin titin kasuwa, sai bara wani yaron jiya ya kafa injin wankin mota a tsallaken titi. Ka shiga da ƙura ka fito da sheƙi, ko saukowa ba sai ka yi ba. Yanzu masu zuwa wajen Ilarie ba su wuce limamin coci da direbobin tasi biyu ba, su ma don kunya. In bai samu inji kafin sanyi ba, rufewa zai yi, kuma wa zai ɗauki ɗan shekara sittin da biyu aiki? Sauran dabararsa ɗaya: Otilia injiniya ce a kamfanin da ke ƙera waɗannan injuna. Gonar inabin uwarta ya sayar ya kai ta jami'a, don kada sabulu ya ci hannunta yadda ya ci nasa. Kalma ɗaya daga bakinta, ko tsohon inji ne za su ba shi.

Ya samu rumfar kamfanin, ta tara a layi. Ga inji kamar gida, burusai na juyawa ba ruwa, ga wata baƙar mota a gabansa tana ɗaukar ido. Masu goge-goge cikin rigunan aiki ruwan toka suna kai da komo da bokiti. Ɗaya ma tana ganin ya doso sai ta shige bayan labule da sauri. Bai kalli fuskar kowa ba. Wa ke kallon fuskar mai wanki? Shi ya fi kowa sanin haka.

Ya tari wani mai nakatayi a wuya, ya haɗa ɗan Italiyancin da ya tsinta a talabijin, ya ce injiniya Otilia yake nema, shi ne mahaifinta. Mutumin ya duba takarda, ya dubi takalmin Ilarie, ya ce ba su da injiniya mai wannan suna. Ya tambayi wata, ita ma ta girgiza kai tana murmushin nan na masu son ka matsa.

Ashe haka ne. Ta hango shi, ta ce a ce ba ta nan. To, laifinta ne? Wace injiniya ce za ta nuna wa manyanta wannan tsoho mai farce baƙi da hannu kamar bawon itace? Ya cusa hannayen a aljihu. Wallahi bai ji haushinta ba, kansa ya ji wa kunya, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya tambayi farashin injin duk da haka, don kar a ce bai tambaya ba. Da aka faɗa masa sai ya yi dariya. Shi ke nan, wanki ya ƙare.

Zai tafi ke nan hali ya motsa, wai mai hali ba ya fasa halinsa. Ya je wajen baƙar motar ya danna murfin tankin mai ya buɗe. A nan yake kama raggon mai wanki, don kowa na goge inda ido ke gani. Ciki fes. Ya sa yatsa ƙarƙashin marikin ƙofa, babu ko ƙura. Tsakanin haruffan sunan motar, inda tsumma ba ya shiga, an bi da buroshin haƙori. Ya sunkuya kan gilashi ya shaƙa: ruwan khal mai tsamin nan, ba wannan shuɗin ruwan kwalba ba. Shi ma da khal da tsohuwar jarida yake goge gilashi, har direbobi na tsokanarsa wai motarsu na warin kabeji mai tsami.

Suna tallar inji, amma motar da suke jan mutane da ita hannu ne ya wanke ta. Ya so ya yi dariya, ƙwalla ta riga ta.

Ya zagaya bayan labulen. Matar nan na tsugune gaban wata taya, ta ba shi baya, hula ta rufe mata kai, buroshin haƙori a hannunta. Yatsunta duk sun tsage.

"Baiwar Allah," ya ce da yarensu, don Italiyancin ya gudu, "ban san ki ba, amma wanda ya koya miki aiki ya iya. Sai dai ya cuce ki. Sana'ar nan ta mutu."

Ba ta juyo ba. Hannunta dai ya tsaya cak. Ya ce a ransa ba ta jin yaren.

Ya matsa gefe ya ciro waya. Ba zai ƙara roƙon komai ba. Zai dai gaya wa Otilia ta kwantar da hankalinta, ya tafi, ba wanda zai san ubanta mai wankin mota ne. Ya danna lambar karo na biyar, ya kara a kunne.

Sai waya ta fara ringi a aljihun rigar aikin matar da ke tsugune a gabansa.